Kuka a Cikin Lagireto

Cikin duk kwanakin da na yi a wannan aiki, akwai rana ɗaya da ta ƙi fita raina: ranar da saura ƙiris in saya wa ƙungiyarmu gawar mota da hannuna, ina murna ina washe baki. Ku da kuka shigo bana kuna koyon tuƙi a wajena, ina so ku ji ta daga bakina, kada ku ji ta a bakin masu tsokana, don su sai sun ƙara gishiri.

Bari in fara da yadda muke, saboda wanda ba ɗan nan ba. Mu mutanen da ruwan dam ɗin Tiga ya tasa ne. Iyayenmu manoma ne da masu kiwo, da ruwa ya hau gonaki sai aka dawo da mu tudu, dole ta sa suka koyi su. Kifi kam akwai shi, alhamdu lillahi. Amma kifi ba dawa ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. In ka fito da shi da safe, kafin azahar ya fara sauya wari. Motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika. Sau nawa muna isa Kano da kifin da ko kyauta ba a so! Shi ya sa 'yan sari suke zuwa har bakin ruwa da motarsu, su yanka mana kuɗin da suka ga dama, mu karɓa muna godiya.

A shekara ta uku da tashinmu, ƙungiyar masunta ta yanke shawarar sayen ƙaramar mota mai rufi, irin wadda ake kira kiya-kiya, a cire kujerun baya a riƙa jera kwandunan kifi. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, sai dai ta hannu. Kowane gida ya kawo abin da ya rage masa na diyyar gona, aka haɗa naira dubu ɗaya da ɗari biyu, fam ɗari shida in ji dattawa, don su har yau da fam suke lissafi. Ku riƙe wannan: kuɗin nan ba shi da ƙani. In ya tafi, ya tafi ke nan, babu wata gonar da za a sake biya.

A ƙungiya akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai magatakarda. Ni ne ƙarshen layi: direba, kuma makanike. Ba wanda ya koya mini, wallahi. Lokacin da ake ginin dam ina lebura, da an tashi hutu sai in ruga garejin ma'aikata in tsuguna ina kallo. Wani direba ya ba ni tsohon littafin injin mota, rabinsa ya yage, Turancin ma ba duka nake ganewa ba, hotunan nake bi. Injin niƙan garinmu sau uku ina kwance shi ina mayarwa, sau biyu da izinin mai shi. Na samu lasin kafin wannan tafiya da shekara guda. Saboda haka a ganina babu abin da ya rage mini a ilmin mota.

Mutum biyu aka tura: ni, in duba mota, da ma'ajinmu Baba Iro, ƙanen mahaifina, ya riƙe kuɗi. Baba Iro shekara talatin ya yi yana fataucin shanu kafin ruwa ya zo. Mota kuwa, ko birki da kuloci bai bambance ba. Ya ɗaura lalitarsa a ƙugu, ya saki babbar riga a kai, ya ce, "To, Injiniya, gaba ka wuce. Ni ɗan rakiya ne."

An ba mu labarin wata mota a Tudun Wada, muka doshi can ranar kasuwa. Da hantsi muka isa. Tun daga nesa na hango ta a bakin tasha, shuɗiya, fenti sai sheƙi yake, injin yana ta aiki a hankali. Dillalin, wani dogo mai haƙorin Makka da ake kira Ɗan'azumi, ya taro mu da hannu biyu.

"Sannunku da zuwa, Baba, sannunku da hanya. Ai tun jiya nake cewa motar nan masu ita suna tafe. Wannan ne direban? Kai, da ganin idonsa ka ga masanin mota."

Nan kaina ya ƙara girma. Na ciro ɗan littafina da na rubuta abubuwan dubawa, na shiga aiki. Na duba tayoyi. Na kwanta a ƙasa na duba shasi, wato ƙashin bayan mota, babu walda. Na zaro sandar auna baƙin mai, na ga mai garau kamar zuma. Na danna ham, na kunna fitilu. Na shiga na ja ta har bayan gari na dawo, giya tana shiga sumul. Abu ɗaya ne ban duba ba: ruwan lagireto, tankin da ke sanyaya inji. Murfin ya yi zafi ƙwarai, kuma kowa ya san in ka buɗe shi da zafi ruwa zai watso maka a fuska. Na ce a kashe ta ta huce.

Ɗan'azumi ya ce, "Ayya, batir ake caji, sabo ne fil, an ce kada a kashe sai ya cika. Ruwa kuwa da hannuna na zuba da safe. Haba Injiniya, kai da ka ji kukan injin nan, sai ka leƙa ruwa?"

Na ce haka ne. Na tsallake wannan layi.

Aka shiga ciniki. Mai motar wai ya tafi Jos, ya bar wa Ɗan'azumi komai. Ɗan'azumi ya ce mu taya. Baba ya taya da fam ɗari huɗu, dillali ya ce albarka. Aka yi ta hawa ana albarka har aka tsaya daidai kan kuɗinmu gaba ɗaya, kamar ya leƙa lalitar. To ku san yadda ciniki yake ƙulluwa: in dillali ya riƙe hannunka a gaban shaidu, ka ce "na saya", shi ya ce "na sallama", magana ta ƙare. Ɗan'azumi ya gane inda laushi yake, sai ya ƙyale Baba ya cafke hannuna.

"Faɗi, Injiniya. Wani mutumin Doguwa zai zo da kuɗi da la'asar, ni dai ku nake so."

Wallahi bakina ya buɗe. "Na" ɗin ta riga ta fito. Sai na ji Baba ya taka mini ƙafa, irin takawar da sai da na ga taurari.

Ya ce, "Yaro bai saya ba, ba shi ke riƙe da kuɗi ba. Za mu kwana a garin nan wajen wani ɗan'uwana. Gobe da hantsi in Allah ya kai mu, sai a ƙarasa."

"To a ba da kafin alƙalami, in riƙe muku."

Baba ya laluba aljihu, ya ciro goro ɗaya, ya fasa, ya miƙa masa ɓari. "Ga shi nan. In na Doguwa ya zo, rabonsa ne." Har mun juya sai ya waiwaya, kamar abin ya faɗo masa ne kawai. "Af, ina take kwana, baiwar Allah? Kada a bar ta a fili, ɓarayi."

"Ai a kangon bayan gidan tela nake sa ta, Baba, kada ka damu."

Muna barin wurin na fara mita. Na ce Baba ka zubar mana da sa'a. Na ce na duba komai, ga shi a rubuce. Na ce in wani ya saye, da wane baki zan gaya wa mutanen gari? Ya ƙyale ni ina ta zuba har muka zauna gindin wata ɗorawa ya sayo mana fura. Sai da ya sha ya goge baki, ya ce:

"Habu, ka san yadda ake sayar da ramammen sa?"

Na ce ni me ya haɗa ni da sa.

"Da sassafe ake ba shi kanwa. In ƙishi ya kama shi sai a kai shi ruwa, ya sha har ciki ya tashi. A shafe shi da mai, a sa yaro ya yi ta zagayawa da shi kada ya kwanta. Wanda ya zo da rana sai ya ga ƙato. Mu da muka ci wannan sana'a ba ma duba sa a kasuwa. Turke muke zuwa da asuba, kafin mai shi ya tashi. Mu ga yadda ya kwana, mu ga abin da ya zubar a ƙasa, mu ga yadda zai miƙe."

Na ce, "Baba, wannan ƙarfe ne."

"Na ji. Ni ban san mota ba. Amma tun da muka zo har muka tafi ba a bar ta ta kwanta ba. Me ake tsoro?"

Haushi nake ji, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Washegari muna idar da sallar asuba Baba ya ɗauki sandarsa. Hantsi ya gaya wa dillali, amma gari bai gama wayewa ba muka shiga kangon. Ga mota nan a tsaye, shiru. Baba bai ko kalli fentin ba, ya nuna ƙasa da sanda. "Injiniya, leƙa turken."

Na durƙusa. Ƙasar da ke ƙarƙashin injin ta jiƙe sharkaf, wani ruwa mai duhun kore ya kwanta. Na buɗe wajen injin, na murɗe murfin lagireto, yanzu kam ya yi sanyi. Ruwa ya ja baya sosai. Na tsoma wani kara na zaro. Jama'a, abin sai ya biyo karan yana yauƙi, zarrr. Na shinshina. Kuka! Garin kuka, irin wadda iyayenmu ke kaɗa miya da ita.

Ga yadda abin yake, don ku sani. In lagireto ya huje, ko kan inji ya tsage yana shan ruwa, sai a zuba garin kuka a ciki a kunna mota. In ruwan ya yi zafi kukar sai ta kumbura ta toshe ramin, na yini ɗaya, wani lokacin biyu. Muddin inji yana aiki ba ka ganin komai. Ya huce, ya saki. Na buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, na juya shi: wani farin kumfa ya daskare a jikinsa kamar kindirmo. Ruwa yana haɗuwa da mai ke nan. Wannan man mai kama da zuma da na yaba jiya, sabo ne aka zuba don ni. Injin da ya kai haka, kuɗin gyaransa ya kusa kuɗin motar, mu kuwa ko sisi ba za mu rage ba.

Ina nan tsugune sai ga Ɗan'azumi ya shigo, buta a hannun dama, ƙullin takarda a hagu. Ya gan mu ya yi turus.

"A'a, Baba! Ina kwana? Ai cewa kuka yi hantsi."

"Lafiya lau. Tsufa ne, ba barci. Me ke cikin ƙullin?"

"Wannan? Kuka ce, cefane zan kai gida."

"Masha Allahu. Ashe yanzu a lagireto ake kaɗa ta? Sai tuwon kuma a ina, a salansa?"

Ɗan'azumi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce duk motar hannu ba ta rasa ɗan abin da ba a rasa ba, ya ce zai rage fam hamsin. Baba ya ce, "Tayar mana da ita mu ji." Ɗan'azumi ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta tofo ruwa ta salansa, ta yi shiru. Baba ya ce Allah ya kawo kasuwa, muka fito.

Muna tafiya ina lissafa gidajen garinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya bayar, da yadda zan tsaya gabansu in ce kalma biyu na faɗa ta cinye. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi? Ai ni ƙasa kawai na nuna maka. Da ni kaɗai ne da na ce fitsarin akuya ne. Kai ka san kindirmon nan. Wuce mu nemi mota."

Muka hau motar haya za mu koma gida hannu wofi. A Kwanar Dangora muka sauka don mu canja mota, muka zauna teburin mai shayi. Muna nan sai ga wata kiya-kiya ta tsaya tana sauke burodi. Kai, ban taɓa ganin mummunar mota irin wannan ba. Fentin ya koɗe, ba ka cewa fara ce ko ruwan toka. Gefe ɗaya ya lotsa. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Amma na aje kofin shayina, don kunnena ya ji wani abu. Injin nan yana tafiya daidai wa daida, babu tsalle, babu ƙara, salansa ba hayaƙi.

Mai shayi ya ce, "Ta Malam Yusha'u ce mai gidan burodi. Wata biyu ke nan yana neman mai saye, ya sayi babbar mota. Duk wanda ya zo sai ya kalli jikinta ya juya."

Muka bi ta har gidan burodin. Malam Yusha'u gajere ne, gari ya yi masa fari har gira. Da muka gaisa muka faɗi abin da ya kawo mu, bai ce mana uffan na yabo ba. Ya zagaya da mu yana nunawa da yatsa.

"Ƙofar nan makullinta ya mutu. Giya ta biyu tana fita in ba ka dafe ta ba. Tayoyin baya sun gama aiki, kada ku yi tafiya mai nisa da su. In ana ruwa, rufi yana ɗiga ta nan, daidai kan direba. Nan kuma jaki na kauce wa na daki kututture. Abin da na sani ke nan. In akwai wani, Allah ya ɓoye mini."

Baba ya kalle ni, na kalle shi. Wannan karon ni na yi magana. Na ce, "Malam, in ba damuwa, muna so a kashe ta yanzu, kada a taɓa ta. Gobe da asuba za mu dawo mu gan ta."

Ya zaro makulli ya danƙa mini. "Tafi da shi. Ku zo lokacin da kuka so. Burodin gobe babbar motar za ta kai."

Muka kwana a Dangora. Da asuba na durƙusa ƙarƙashinta: ƙasa a bushe, sai ɗigon mai guda biyu, wanda kowace tsohuwar mota ke yi. Ruwan lagireto cike, ruwa ne zalla. Murfin mai baƙi ƙirin, babu kumfa. Na murɗa makulli sau ɗaya ta amsa. Ban tsaya nan ba. Na roƙi arziki aka loda mata buhunan fulawa daidai nauyin kwandunanmu, na ja ta hanyar Tudun Wada, na nemi hawa na hau, na taka birki a gangara, na dawo na jira ta huce na sake leƙa ruwan. Yana inda na bar shi. Giya ta biyu kuwa ta fita, kamar yadda mutumin ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

Ciniki bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Aka tsaya a fam ɗari biyar da ashirin, abin da ya rage ya ishe mu tayoyi biyu da canjin takardu. Baba ya kwance lalita, ya ce mini, "To, yanzu faɗi." Na kama hannun Malam Yusha'u na ce, "Na saya." Ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka. Sai dai kifinku zai yi wata guda yana ƙamshin burodi."

Da muka shigo gari da ita, mutane suka fito da gudu, suna ganinta murna ta koma ciki. Wani abokin wasana ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Habu, saye kuka yi ko tsintuwa?" Wata gwaggona ta riƙe haɓa ta ce diyyar gonarta ke nan da igiya a gindi. Kwana uku na yi a ƙarƙashinta, na sa tayoyi, na gyara ƙofa, na liƙe rufi, na cire kujeru.

Rana ta huɗu aka loda kwando goma sha huɗu da sassafe. Duk hanyar Kano hannuna ɗaya yana kan giya, idona ɗaya yana kan allurar zafi. Ba ta motsa ba. Kafin rana ta yi zafi ina kasuwar kifi. Wata Hajiya da ta saba yi mana wulaƙanci ta zo, ta ɗaga kunnen wata ƙatuwar tarwaɗa don ta leƙa, sai kifin ya maka mata jela a hannu. Ta yi tsalle ta ce, "La ilaha! Yaro, wannan ai da ransa!" Ranar ba ta taya da rabi ba. Da aka kwashe kwandon ƙarshe na zauna a bakin ƙofar motar, sai a lokacin na tuna tun jiya ban ci komai ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, shi nake so ku ɗauka. In an aike ku sayen mota, wanda ya yabe ku kun san mota, ku riƙe aljihu. Abin da aka hana ku dubawa, shi za ku fara dubawa. Kada ku saye ta da zafi, ku bari ta kwana. Kuma mai kayan da ya fara da lissafa muku aibin kayansa, ku zauna ku saurare shi da kyau, don duk abin da ya faɗa za ku iya gyarawa. Wanda ba a faɗa ba shi ke tsayar da kai a daji da kifin mutane a baya, rana tana hawa.